Za mu zauna da kwamitin malamai kan dokar atandans da CGPA, dan Allah masu sani ku ba mu shawara

Wakilin_Tsangaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗalibi ne ɗan aji uku a wata jami'ar tarayya a nan arewa, ina cikin majalisar wakilan ɗalibai, ni ke wakiltar tsangayarmu. Ba zan faɗi sunan makarantar ba, kowa ya san dalili.

Akwai wata takarda da take yawo a gurup-gurup ɗinmu tun makon jiya, ashe gaskiya ce, wani kwamiti ne da sanet, wato majalisar malamai mai kula da harkar karatu, ta kafa ya kawo shawarar a taɓa dokokin karatu daga zango mai zuwa. Na farko atandans, duk wanda bai kai kashi 75 na zuwa lakca ba a kos to ba zai zauna jarabawar kos ɗin ba. Mun san wannan dokar tana cikin littafin ɗalibai tun tale-tale amma ba a matsa mata ba, yanzu wai da fotal, shafin makaranta na intanet, za a haɗa ta, in malami bai tura sunanka ba ko katin jarabawa ba zaka iya cirewa ba. Na biyu za a ɗaga layin gargaɗi daga CGPA (matsakaicin makinka na duk kos ɗin da ka yi) 1.00 zuwa 1.50, in ka yi shekara a ƙasa da haka gargaɗi, in ka ƙara wata shekarar baka haura ba a sallame ka. Sai kuma abin da mu muka daɗe muna roƙo, wato a ba 'yan ajin ƙarshe damar sake zama jarabawa in kos ɗaya ko biyu kawai suka faɗi maimakon su dawo su zauna shekara guda cur, kwamitin ya ce a'a ba zai yiwu ba.

To Din na harkokin ɗalibai ya kira mu ya ce za a ba mu dama mu zauna da kwamitin kafin takardar ta shiga sanet, mutum biyar daga ɓangarenmu. Majalisarmu ta rabu biyu wallahi, wasu na cewa kar ma a je, shan shayi ne kawai za a yi da mu a ɗauki hoto a ce an tuntuɓi ɗalibai, gara a kira kongires, wato babban taron ɗalibai, a fito. Wasu na cewa a je amma a ƙi komai daga farko har ƙarshe. Ni kuma ina ganin in muka ce a'a ga komai za a ce yaran nan karatu ne basa so, shikenan an gama da mu.

Tambayata, shin a doka muna da haƙƙin shiga zaman sanet ko aƙalla a saurare mu? Kuma waɗanda suka taɓa irin wannan zaman, malamai ko tsofaffin 'yan yuniyon, me ke aiki a gaban irin wannan kwamitin, me kuma ke ɓata magana? Allah ya saka da alheri.

Tsohon_Kwamared:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ku je, amma kada ku je da sunan roƙo. Matsalar yuniyon ɗin yanzu kenan, an mai da ku 'yan rakiyar VC, shugaban jami'a, zuwa buɗe bandaki da raba kyautar ƙwallo.

Ka san me ya sa ake jin tsoron ɗalibai a da? A 1978 kobo 50 kawai aka ƙara a kuɗin abincin rana guda, ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa NUNS ƙarƙashin Segun Okeowo ta tashi ƙasar nan gaba ɗaya, shi ne Ali Must Go da kake ji, Kanar Ahmadu Ali ne ke riƙe da ilimi a gwamnatin Obasanjo ta soja, an rasa rayuka a Legas da Zariya, aka haramta NUNS, daga baya NANS ta maye gurbinta a 1980. A watan Mayun 1986 kuma 'yan sanda suka harbe ɗalibai a ABU lokacin Ango Abdullahi yana shugaban jami'ar. Bayan waɗannan ne soja suka zauna suka yi tunanin yadda za a cire wa yuniyon haƙora, a 1989 gwamnatin Babangida ta yi dokar da ta ce shiga ƙungiyar ɗalibai ganin dama ne ba dole ba, ta kuma ba da ikon rushe ƙungiya in an ga dama. Tun daga nan kowace hukumar makaranta ta gane cewa in yuniyon ta dame ta sai ta dakatar da ita ta naɗa kwamitin riƙo na yaran da suke ce mata to ranka ya daɗe.

Ban ce ku fasa gilashi ba, wanda ya fasa gilashi shi zai biya kuɗin ɓarna kuma 'yan ajin ƙarshe su za su fi kowa kuka in aka rufe makaranta. Amma kafin ranar zaman ku kira kongires, ku cika ɗakin taro, kowa ya sa hannu a takarda da lambar rijistarsa, ku shiga ɗakin kwamitin da wannan tarin takardun ku ajiye a kan tebur. Mutum biyar da suka zo su kaɗai daban, mutum biyar da ɗaruruwan sa hannu ke bayansu daban. Kuma ku tambaye su ƙiri-ƙiri, wa ke ɗaukar atandans ɗin malamin da baya zuwa aji? A 2020 malaman jami'a sun yi yajin aiki daga Maris har Disamba, a 2022 daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, babu ɗalibin da aka tambaya ko ya yarda, yau kuma shi za a kora dan ya rasa lakca uku.

Malamar_Sashe:

Ɗana Wakili sannu da ƙoƙari. Ni malama ce, na riƙe muƙamin jami'ar jarabawa ta sashe, na kuma zauna a zaman tsangaya da yawa, bari in faɗa maka yadda abin yake daga ciki, ka ɗauki wanda zai amfane ka.

Da farko ku daina kallon sanet a matsayin inda ake yanke magana. A takarda haka ne, duk abin da ya shafi karatu, jarabawa, sakamako, ba da digiri, na sanet ne, kuɗi da gine-gine da ɗaukar ma'aikata kuma na majalisar gudanarwa ne wato kansul. Amma sanet taron mutane ne masu yawa, VC da mataimakansa, duk farfesoshi, Din-Din, shugabannin sassa, shugaban ɗakin karatu, da wasu da aka zaɓo, ga ajanda mai kauri mafi yawanta sakamakon jarabawa ne. Tuwon an riga an tuƙa shi a sashe da tsangaya da kwamiti, sanet kwashewa take yi. Takarda tana tasowa daga zaman sashe ta je zaman tsangaya, ta bi ta kwamitin da ke tace abin da zai shiga sanet, in ta iso ba tare da wani Din ya tashi ya ce tsangayata bata gamsu ba to yawanci wucewa take. Dan haka wannan zaman da aka gayyace ku ba ƙaramin abu bane, kuma ya fi muku amfani kowane wakilin tsangaya ya je ya sami Din ɗinsa da shugabannin sassa tun yanzu, a ofis, cikin ladabi, da takarda shafi ɗaya. In Din uku suka shiga sanet da maganarku a bakinsu kun fi wanda ya tara mutum dubu a bakin get.

Na biyu, kada ku ce a soke kashi 75. Ba kwamitin ne ya ƙirƙiro shi ba, yana cikin littafin ɗaliban jami'o'i da yawa, duk farfesan da ke wajen zai ce muku ƙa'ida ce ya rufe bakinku a minti ɗaya. Ku yarda da dokar, sai ku yi faɗa a kan yadda za a lissafa. Ga misali. A ƙa'ida yunit ɗaya na kos awa ɗaya ce ta lakca duk mako har mako 15. In malami ya shiga aji sau 12 ɗalibi ya rasa biyu, yana da kashi 83, ya wuce. In malamin sau 6 kawai ya shiga duk zangon, ɗalibin nan dai ya rasa biyu, ya koma kashi 67, an hana shi jarabawa. Laifin ɗalibin bai canja ba, biyu ya rasa nan biyu ya rasa can. Wannan lissafin in ka rubuta shi a allo a gaban kwamiti ba wanda zai iya musa shi. Sai ku nemi a rubuta cewa dokar bata hawa kan kos sai malami ya yi adadin lakcar da aka ƙayyade, kuma lakcar da aka yi fiksin ɗinta ranar Asabar ko bakwai na safe ko bayan magariba ba ta shiga lissafi tunda bata cikin jadawali. Ku kawo maganar mai kariyoba, wato mai maimaita kos ɗin da ya faɗi, wanda kos ɗinsa na aji biyu ke karo da na aji uku a awa ɗaya, jiki ɗaya gare shi, wanne zai shiga? Ku kawo maganar ajin GST, darussan gama-gari da kowa ke ɗauka, da ake cika babban ɗaki har taga, takarda tana yawo daga hannu zuwa hannu, mutum ɗaya ya sa wa abokansa biyar hannu da biro kala-kala, takardar ta ɓace a layi na tara, wanda ya zo da gaske yana tsaye a baya bata kai gare shi ba. Mu malamai mun san wannan sarai, kawai ba ma so a faɗa ne a gaban VC.

Maganar 1.50 kuma ita ce ta fi haɗari amma naga ba ita kuka fi damuwa da ita ba. A ma'aunin maki 5, A daga 70 ne maki 5, B daga 60 maki 4, C daga 50 maki 3, D daga 45 maki 2, E daga 40 zuwa 44 maki 1. E cin jarabawa ne ba faɗuwa ba. To yaron da ya ci kowane kos da E, bai taɓa ɗaukar kariyoba ko ɗaya ba, CGPA ɗinsa 1.00 ne daidai. A sabuwar dokar za a kore shi alhali takardar sakamakonsa babu F ko guda. Sai rabin yunit ɗinsa sun zama D kafin ya taɓa 1.50. Ku tambayi kwamitin, in dai E ci ne me ya sa tarin E zai zama kora, in kuma ba ci bane to a fito a faɗa a mai da makin ci 45. An taɓa yin wannan rawar a ƙasar nan, hukumar jami'o'i ta ƙasa NUC ta ce a daina ba da digirin fas, wato mafi ƙanƙantar daraja, wasu jami'o'in suka cire E har suka koma ma'aunin maki 4, daga baya aka dawo kan 5, waɗanda abin ya faɗa a kansu a tsakiya har yau takardunsu na da ruɗani.

Amma ɗana kada ka ɗauka ni ina bayanku a komai. Na ga yaran da suka yi shekara shida suna jan CGPA 1.1, iyaye na sayar da amfanin gona suna biyan rijista, ƙarshe wa'adin zama ya ƙare, dama kos mai shekara huɗu shekara shida ce iyakarsa, suka fita ba digiri ba sana'a. Da an tsayar da su a aji biyu an ce ga wani sashen da ya fi dacewa da ku da ya fi musu. Dan haka abin da zan nema in ni ce ku shi ne, kafin kora a ba mutum damar sauya sashe, kuma gargaɗi ya zama gargaɗi na gaske, a rage masa yunit, kodinetan aji ya zauna da shi, ba kawai ya ga kalmar a fotal ba.

Kwamared kuma, maganarka ta yajin aiki na ji ta, amma mu ma an riƙe mana albashin watannin 2022 ɗin, kuma malami ɗaya yana duba takarda ɗari bakwai da jan biro shi kaɗai. Ba mu muka ɗebi ɗalibai fiye da kujeru ba.

Wakilin_Tsangaya:

Ranki ya daɗe Malama Allah ya ƙara girma, wallahi lissafin E ɗin nan ko ɗaya cikinmu bai lura da shi ba, duk hankalinmu na kan atandans saboda shi ne ke tada jijiyar wuya a hostel, musamman 'yan cikin gari da kuɗin mota ya gallabe su tun da aka cire tallafin mai a 2023, akwai masu zaɓar ranakun da za su shigo makaranta saboda kuɗin adaidaita. To maganar sake zama jarabawa fa Malama, baki taɓa ta ba, mu haƙura da ita ne?

Lauyan_Gobe:

Bari in amsa ɓangaren doka kafin Malama ta dawo. Kujera a sanet, dokar tarayya bata ba ku ba, jerin 'yan sanet babu ɗalibi a ciki. Amma akwai abin da yawancin 'yan yuniyon basu karanta ba. Dokar gyaran dokokin jami'o'i ta 2003, wadda ake kira dokar 'yancin jami'o'i, tana da sashe a kan ɗalibai, ta ce a wakilce su a hukumar jin daɗin ɗalibai da sauran kwamitocin da ke kula da al'amuransu, su sa hannu a tsara manhaja, kuma su sa hannu wajen auna malamai ta fuskar koyarwa. Ka ga kenan gayyatar da aka yi muku ba alfarma bace, kuma maganar kwamared ta wa ke ɗaukar atandans ɗin malami tana da gindi a doka. Ku buga wannan sashen ku maƙala a bayan takardarku, ba sai kun ɗaga murya ba.

Sai dai kada wani ya ruɗe ku da cewa in sanet ta wuce da dokar za ku je kotu ku rushe ta cikin sauƙi. Kotunan Najeriya suna kaffa-kaffa da abin da ya shafi ma'aunin karatu, suna ɗaukarsa harkar cikin gida ta jami'a, a shari'ar Magit da Jami'ar Aikin Gona ta Makurdi a 2005 kotun ƙoli ta bar wa sanet ikonta na cewa wane ya cancanci digiri. Inda kotu ke shiga da ƙarfi shi ne in an hukunta mutum ba a saurare shi ba. Shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri ta 1986 ita ce kowa ke kawowa, an kori ɗalibai bayan tarzomar 1983, kotun ƙoli ta rushe korar, cikin dalilan har da cewa mataimakin shugaban jami'ar da ya jagoranci binciken shi ma tarzomar ta shafe shi, ba zai zama mai ƙara kuma alƙali ba. Darasin da ke ciki gare ku, ku nemi a rubuta hanyar ɗaukaka ƙara a cikin dokar atandans ɗin kanta, a liƙa jerin waɗanda za a hana jarabawa da wuri ba ana gobe jarabawa ba, kuma wanda zai saurari ƙorafin kada ya zama malamin kos ɗin. In ba haka ba kun miƙa wa mutum ɗaya makami, kuma kowa ya san irin abin da wasu ke yi wa ɗalibai mata da ƙaramin iko ma balle wannan.

Abu na ƙarshe, wa dokar za ta fara hawa? Ku kun shigo da littafin ɗalibai da ya ce 1.00. Ku nemi 1.50 ta fara daga sababbin shiga. Kuna da misali a hannu, sabuwar manhajar CCMAS da NUC ta ƙaddamar a Disambar 2022 daga 'yan aji ɗaya aka fara ta, waɗanda ke sama suka ƙarasa da tsohuwar BMAS. Kuma abin dariyar, lokacin da NUC ta ce ita za ta tsara kashi 70 na manhajar ta bar wa jami'o'i kashi 30, ƙungiyar malaman jami'a ASUU ta fito a 2023 ta ce an ƙwace ikon sanet an ƙaƙaba musu abu daga sama. To su ma sun san zafin a yanke maka doka baka wajen. Ku tuna musu cikin raha, kada ku yi da gatse.

Kuma duk abin da aka amince a zaman ku tabbatar ya shiga minit, wato rubutaccen bayanin zaman, ku nemi kwafi. Alkawarin baki na shugaban kwamiti baya bin takarda zuwa sanet.

Ɗan_Maraɗi:

Salamu alaikum mutanen Najeriya, ina biye da ku daga nan Nijar. Ni abin da ke ban mamaki a tsarinku shi ne wannan na faɗuwa kos ɗaya mutum ya jira shekara. Mu nan tsarin LMD muke bi, wato lisans, masta, dakta, lisans ɗin (digirin farko) shekara uku, kowane zango kiredi 30, maki a kan 20 ake ba da shi, 10 ne ci. In ka faɗi akwai zama na biyu, ratarafaj, kuma darussan da ke cikin rukuni ɗaya suna ɗaukar juna, in ka samu 8 a wannan ka samu 13 a ɗan uwansa sai a haɗa a raba ka wuce. Ban ce namu ya fi ba, mu ma shekarun karatu suna hawa kan juna saboda yajin malamai da na ɗalibai, kuma zama na biyun kansa yana cin makonni, wani lokacin sakamakonsa bai fito ba an shiga sabuwar shekara. Ƙungiyarmu ta ɗalibai USN tana da ƙarfi ƙwarai, kowa na tuna ɗalibai uku da aka kashe a gadar Kennedy a Yamai ranar 9 ga Fabrairun 1990, amma in ka duba yawancin faɗanmu a kan kuɗin alawus ne da abinci da mota da ɗakin kwana, da wuya ka ga an tsaya a kan yadda ake lissafin maki. Dan haka ni kun burge ni da kuka tsaya a kan wannan.

Mai_Sifiloba:

Hmm. Ni ce irin wadda kuke magana a kai. Kos ɗaya, yunit biyu, na zangon farko a ajin ƙarshe, 38 na samu. Abin da ya fi min ciwo ba faɗuwar bace, sakamakon bai fito ba sai da muka kusa gama zango na biyu, na riga na kare furojet, an ɗinka ankon fita. Yanzu na sake biyan rijistar shekara cikakkiya da kuɗin ɗaki dan lakcar awa biyu a mako, ƙawayena suna sansanin bautar ƙasa. Akwai wani a ajinmu shi shekarunsa ne matsalar, in ya haura 30 kafin ya gama to takardar yafewa NYSC za ta ba shi ba kaki ba. Kuma tes ɗinmu na maki 30 ba mu taɓa ganin sakamakonsa ba kafin jarabawa, da na san 9 na samu ai da na san irin karatun da zan yi. Dan Allah Wakili in kun shiga ku faɗi wannan, a dinga nuna mana makin tes kafin jarabawa, a kuma sa wa malamai wa'adin fitar da sakamako kamar yadda ake sa mana wa'adin rijista har da tara.

Malamar_Sashe:

'Yata Allah ya sa hakan ne mafi alheri, ki daure ki cire shi da maki mai kyau. Abin da kika faɗa shi ne ya kamata ya zama kan gaba a takardar su Wakili, dan ba ya cin ko kwabo kuma babu malamin da zai iya tashi a gaban jama'a ya ce shi bai yarda a nuna wa ɗalibi makin tes ɗinsa ba.

Wakili, sake zama jarabawa ba haramun bane a jami'a, 'yan likitanci suna yi. Abin da ke sa kwamiti ya ƙi shi ne aiki da kuɗi, sabuwar tambaya za a fitar, a tantance ta, a sa masu tsaron jarabawa, a duba, sakamakon ya sake bin sashe da tsangaya da sanet, duk a cikin ɗan hutun da dama an matse shi dan a cike giɓin yajin aiki. In kuka ce a biya kuɗi a yi, sai wani tsoron ya taso, kuma ni ma ina da shi, ranar da faɗuwar ɗalibi ta zama hanyar samun alawus ɗin malami to za ku ga F ta yawaita a ajin ƙarshe. Dan haka ku ƙuntata buƙatar yadda zai yi wuya a ƙi ta. 'Yan ajin ƙarshe kawai, kos bai wuce biyu ba, wanda ya zauna jarabawar ya faɗi ba wanda ya ƙi zuwa ko aka kama da satar amsa ba, kuma komai ƙoƙarinsa a zama na biyu makin ci mafi ƙanƙanta za a rubuta masa dan kada wani ya faɗi da gangan ya dawo ya ɗauki A. Kuɗin kuma ya shiga asusun makaranta ba hannun sashe ba. Ku je wajen jami'an jarabawa na sassa ku roƙi adadin waɗanda suka dawo bana saboda kos ɗaya ko biyu, ba suna ba adadi kawai, wasu za su ba ku wasu za su ce sai da izinin shugaban sashe. Ko na sassa huɗu kuka samu ya isa a fara magana, dan kujerun hostel da na aji da waɗannan ke riƙewa hukuma ma suna damunta.

Tsohon_Kwamared:

Malama na sara miki, amma ki yarda da ni abu ɗaya, duk wannan lissafin mai kyau in suka ga babu kowa a bayan yaran nan za su ce mun gode za mu duba, shikenan an binne. A zamaninmu mun kai takarda mai tsari fiye da wannan a kan ɓacewar sakamako, aka yi mana murmushi, ba a motsa ba sai da aka ga ɗakin kongires ya cika har waje. A yi duka biyun. Kuma Wakili ka kula da mutum biyar ɗin nan, kada a cika su da masu neman takardar yabo daga ofishin Din, a sa mace aƙalla ɗaya, a sa mai kariyoba, a sa wanda CGPA ɗinsa ya haura 4.50 dan kada a ce malalata ne suka zo kare kansu. Ku raba magana tun a waje, kowa da abin da zai faɗa, in aka fara yi wa ɗayanku barazana da tambayar lambar rijistarsa sauran kada su yi shiru.

Wakilin_Tsangaya:

Na gode ƙwarai jama'a, na kwashe duka na kai wa shugaban majalisa da daren nan. Mun tsaya a kan za mu je, kongires kuma ranar Laraba in Din ya ba mu ɗaki, sa hannu kawai za a yi ba fita ba. Takardar shafi ɗaya muna kan rubutawa, makin tes da wa'adin sakamako a sama, sai sharuɗɗan atandans, sai 1.50 ta fara da sababbin shiga tare da damar sauya sashe, sake zama jarabawa a ƙarshe yadda Malama ta tsara. Inda muka maƙale shi ne wa'adin, wasu sun ce mu nemi mako huɗu bayan jarabawa wasu sun ce shida, ni kuma ina tsoron mu faɗi abin da malamin da ke da takarda ɗari bakwai zai yi dariya. Malama ranki ya daɗe, daga ranar da aka gama jarabawa zuwa ranar da sakamako zai iya wuce zaman sashe a liƙa shi ko da na wucin gadi ne kafin sanet, mako nawa ne mai yiwuwa a gaskiya? Lauya kai kuma dan Allah turo min hoton shafin dokar 2003 ɗin ta inbos, gobe da safe za mu kai bugu.